A AUNA DA MUDU BIYU

Wai shin jama'a, laifi ne hukuma ta tura masana su auna ma'adinan da ke ƙarƙashin dajin da ita da kanta ta killace, ta ce kada a taɓa? Ni dai a ganina awo ba laifi ba ne. Ai mu Kanawa ba mu isa mu zagi ma'adinai ba, tunda tamar dutsen Dala ce ta zaunar da maƙeran farko har gari ya kafu.

Amma fa akwai abin dubawa. Ɗauki dajin Falgore, can kudancin jiharmu. A maƙwabciyarsa Riruwai tun zamanin Turawa ake haƙar kuza. In yau aka ce a auna Falgore, masani zai iya cewa ga tan kaza, kuɗinsa kaza. To wa zai faɗi kuɗin Kogin Kano, wanda ya ratsa dajin ya zuba a madatsar Tiga da aka gama a 1974? Da ruwan nan manoman Kadawa ke noman shinkafa da tumatir. Kuza tana da farashi a kasuwa, inuwa da ruwa ba su da shi. Abin da ba a yi wa kuɗi ba kuwa, shi ake fara sallamawa.

Ba zato nake ba. Nijar ta killace dajin Termit a 2012 saboda namun dawa, amma a 2019 ta zare babban yanki daga cikinsa don haƙar man fetur.

Wani zai ce, "Malam, mai jin yunwa ina ruwansa da barewa?" Gaskiyarsa. Sai dai ya tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta wajen haƙar zinare ta kashe yara fiye da 400, kuma 'ya'yan talakawa ne.

Mu 'yan cikin gari ma ga badala ta ishe mu darasi. Babu wanda ya taɓa cewa zai rushe ta. Wannan ya ɗebi ƙasar yaɓe, wancan ya yanki fili, yau ina take?

Saboda haka, ya kai mai karatu, in za a auna, a zo da mudu biyu: ɗaya na abin da ke ƙasa, ɗaya na abin da za a rasa a sama. Jikokinmu ba sa wurin cinikin, alhali da kasonsu a ciki. Wanda ya saida kason maraya don ba ya nan, kowa ya san sunansa.