Rabo Tsakanin 'Ya'ya

'Yan'uwa, a Zagga da ƙauyukan Bagudo a kan sami yaron da ba ya amsa kira, ba ya duban ido, ƙarar injin niƙa ta kan sa shi kururuwa. Waɗansu su kan ce iskoki ne. Likita Leo Kanner ya bayyana wannan hali a Amurka a 1943, sunansa otizim. Yau an sani ba laifin uwa ba ne. To, uwa ta ba shi yini, sauran 'ya'ya guntun maraice. Zalunci ke nan? Mun ce a'a, gama bukatarsa ta fi tasu. Amma yayarsa da aka cire daga makaranta domin renonsa, ita kam an cuce ta. Aikin nan na ubansa ne da dangi, har da matan zumunta.