Radiyon da Kawu Ya Zaɓa da Yatsunsa

Shekarar da yana ta rufe idanun Kawu, bai taɓa yi mana kukan tafiya da sanda ba. Kukansa ɗaya ne, akwatin littattafansa da ke ƙarƙashin gado. Ƙauyenmu na cikin Garagumsa, ba nisa da Takeita, inda hanyar Matamai ke rabuwa da babban titin Tasawa zuwa Damagaram. Ta wannan hanyar Kawu ya yi ta zuwa cin rani Kano yana saurayi, ta Ɗan Barto da Daura. Ajami ya iya tun a makarantar allo, boko kuwa a yaƙi da jahilci ya koye shi zamanin Diori Hamani. Daga Kano ya zo da Magana Jari Ce, duka ukun, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Tafawa Balewa. Ya karanta su har takardun suka yi laushi kamar tsumma.

Ni ne ɗan ƙanwarsa, kuma shi ya kai ni lakwal. Ina aiki a Damagaram, don haka da albashi ya shigo na ce lokacin ramuwar alheri ya yi. Na shiga kasuwar Dole na sayi salula ta shafawa, jika sittin cur, har da abin saƙalawa a kunne. Na kai wa yaron da ke tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi ya cika mini ita da karatun littattafai da tafsiri. In faɗi gaskiya, a cikin mota abin da nake hangowa shi ne fuskokin mutanen gari in sun ji kuɗinta.

Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya sa albarka mai tsawo. Ya shafa gabanta, ya shafa bayanta.

"Ɗana, ina bakinta?"

Na ce ba ta da maɓalli, taɓawa ake yi. Na riƙe yatsansa na nuna masa sau uku, ya ce ya gane. Sai daga baya na fahimci kunyata ce ta sa ya faɗi haka.

Da na komo bayan sati uku, na tarar da salular a cikin kwanon sha, an naɗe ta da ƙyalle. Inna, matarsa, ita ta ba ni labari muna gindin turmi. In ya taɓa neman tafsiri sai abin ya yi shiru, ko ya kira wani. Caji ba ya kwana, sai an ba yaro ya kai shagon mai sola, a biya, yaron kuma ya tsaya a hanya yana kallon fim da abokansa har ta sake mutuwa. Abin kunnen kuwa rana ɗaya ya sa. An yi sallama a ƙofar zaure har sau uku bai amsa ba, baƙon ya juya yana tsammanin wulaƙanci ne, sai da Kawu ya aika aka ba shi haƙuri.

Na fara cewa ai da sannu zai saba. Inna ta ci gaba da bakace, ba ta ko dube ni ba.

"Da za ka saya, ka tambaye shi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Da dare na zauna kusa da shi na yi tambayar da ya kamata in yi tun farko. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ba ni labarin ƙungiyoyin sauraren radiyo na zamanin Diori, yadda ake taruwa da dare a kewaye radiyo ɗaya, a saurari shiri, a kashe, a yi ta muhawara a kansa. Ya ce ko da idonsa ke gani, bai taɓa karanta Magana Jari Ce shi kaɗai ba, a zaure yake karantawa da ƙarfi, mutane na dariya suna katse shi.

"Ka kawo mini abin da zan toshe kunnena in zauna kamar mai takaba. Ni ido na rasa, ɗana, mutanena suna nan."

Ranar kasuwa na ɗauke shi a babur muka je wurin mai kayan lantarki. Mai shagon ya fara jero mini masu kyalli da fitilu masu canza launi, irin waɗanda in an kunna wata mace ke magana da Turanci daga ciki. Na ce ya miƙa wa tsohon. Kawu ya riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya yana lalube. Mai maɓallai lafe da jiki ya mayar. Wanda ake danna wuri ɗaya don ƙara murya da kuma tsallake karatu, dogon danni da gajere, shi ma ya mayar, ya ce wannan tarko ne. Ya tsaya a kan wata ƴar radiyo baƙa mai cin katin memori, ba ta fi tafin hannu ba, mai maɓallai tudu-tudu da ƙaramar ƙafa ta murza murya a gefe. Ya murza, ta yi ƙas.

"Wannan tana gaya mini ta kunnu."

Sai ya sa aka yi gwajin da ni ban ko yi tunaninsa ba. Ya ce a sa karatu, a bari ya yi nisa, a kashe, a sake kunnawa. Ta farko ta koma bismilla. Mai waƙa ba ruwansa da wannan, minti biyar ce ta ƙare, amma mai sauraren tafsirin awa guda in aka mayar da shi farko duk sanda ya tashi alwala, Baƙara kaɗai sai ta kai shi baɗi. Ta biyun, irinta ce amma ta wani kamfani, ta ɗora daga kalmar da ta tsaya. Mai shagon ma bai san suna da wannan bambanci ba. Muka buɗe bayanta, batirin irin na tsohuwar Nokia ne, BL-5C, wanda ake samu a kowane teburin mai gyaran salula. Muka sayi batir biyu, ɗaya na ciki ɗaya na wurin caji, radiyon kuma ba ta barin hannunsa balle yara su yi gaba da ita. Duka da katin, jika shida.

Saura ɗawainiyata. Katin giga 8 yana ɗaukar magana sama da awa 200 in ba a cika nauyin sautin ba, sai dai kasuwa cike take da na jabu masu faɗin girman da ba su da shi, don haka na cika shi na bi na saurari na ƙarshe. Na kuma gano cewa da yawa daga ƙananan radiyon nan ba sa bin sunan karatu, tsarin da aka zuba shi a kati suke bi. Yaron nan mai tura waƙoƙi ya kwarara komai a haɗe, sai ga Suratu Yusuf ta riga Ali Imrana, ga akun Magana Jari Ce ya shigo tsakiyar wa'azi. Na kwana biyu ina zubawa ɗaya bayan ɗaya. Na raba kati biyu, na addini da na labarai. Kawu da kansa ya ce a ɗinka musu ƴan jakunkuna, ɗaya ta fata ɗaya ta ƙyalle, hannunsa zai bambanta.

Bayan girbi na zo da magariba. Tun daga bakin masallaci nake jin hayaniya a zaurenmu. Mutum takwas na ƙirga, har da baƙon nan da ya taɓa yin fushi. An tsayar da karatu, ana gardama ko akun nan amana yake riƙewa da yake hana Musa ɗan sarki fita da labarai, ko wayo ne kawai irin na ƴan fada. Kawu na tsakiya, babban yatsansa a kan maɓalli, ya ce ba zai saki ba sai liman ya faɗi nasa.

Salular kuwa ya ba jikarsa mai karatu a Damagaram. Na leƙa cikin gida na tambayi Inna abin kunnen, ko zan ba wani. Ta nuna mini buhun wake a jingine da rumbu, an ɗaure bakinsa tam da farar igiya.