Da Wane Suna Mu Ke Kiran Mutane?

Karatu: Farawa 37:18-28, Luka 15:25-32

'Yan'uwa cikin Ubangiji, Hausawa su kan ce magana zarar bunu ce. Mu kan ɗauki wannan karin magana a kan zagi da tsegumi kaɗai. Amma akwai wata magana da ta fi waɗannan shiga zuciya, gama mu kan faɗe ta kullum ba tare da mun lura ba, watau sunan da mu ke laƙaba wa mutum.

Mu duba labarin Yusufu. Yana da shekara 17 sa'ad da ubansa ya aike shi ya dubo lafiyar 'yan'uwansa, ya same su a Dotan. Da suka hango shi daga nesa ba su ambace shi da sunansa ba, ba su kuma ce ga ƙanensu yana zuwa ba. Mai-mafarki suka kira shi. Daga wannan sunan ba'a suka wuce zuwa shawarar kisa. Babban wansu ya hana su zub da jini, sai suka jefa shi cikin rami, suka zauna cin abinci. Daga baya Yahuda ya tuna musu cewa yaron nan ɗan'uwansu ne, jininsu ɗaya, suka kuwa ji maganarsa. Ko da ya ke sun sayar da shi a bakin azurfa 20, kalmar nan "ɗan'uwa" ta yi musu nauyi, hannunsu bai kai ga ransa ba.

Haka kuma cikin misalin ɓataccen ɗa. Sa'ad da babban ya yi fushi ya ƙi shiga gida, ya kasa furta cewa wanda ya komo ƙanensa ne, sai ya ambace shi ɗan ubansa kawai, sai ka ce bare. Uban ya lura. Da ya amsa masa, ya mayar da kalmar ɗan'uwa a wurinta. Ashe kafin a sulhunta zuciya, sai an gyara suna.

Kada mu ce wannan labarin mutanen dā ne. A ƙasar Ruwanda, cikin shekara ta 1994, an kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana 100, yawancinsu Tutsi. Tun kafin a ɗauki adda, akwai gidan rediyo da jarida waɗanda suka yi ta kiran Tutsi "inyenzi", watau kyankyaso. Mutumin da ba zai iya ɗaga hannu a kan maƙwabcinsa ba, ya iya taka kyankyaso ba da tunani ba. Abin da ya kamata ya girgiza mu shi ne, yawancin mutanen ƙasar suna amsa sunan Kirista, an kuma kashe dubbai a cikin majami'u inda suka gudu neman mafaka. A 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta hukunta waɗansu shugabannin rediyon da jaridar. Da baki da alƙalami suka yi nasu aikin.

To, mu komo gida. Da yawa a cikinmu sun san zafin a ce da mutum arne ko kafiri a kasuwa. Tun da ya ke mun ɗanɗana, bai kamata mu ɗora wa wani irinsa ba. Idan 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauye, baki ya kan yi saurin cewa Fulani sun zo. Da kalma ɗaya an haɗa mai-laifi da matar da ke kawo mana nono kowace safiya. Ibo mai-shago a unguwa yana da suna, me ya sa za a ce Inyamuri? Yara suna ji, abin da suka ji a tsakar gida kuwa da shi za su girma.

A cikin gidajenmu ma haka ne. Yaron da a ke ce masa jaki ko ɗan banza safe da yamma, a ƙarshe ya kan yarda, ya daina ƙoƙari. Uban da ke faɗa ma ya kan daina sa rai da shi, gama kunnenmu ne ya ke fara jin abin da bakinmu ya faɗa. A ce da yaro abin da ya yi ba daidai ba ne, wannan horo ne, ya bar masa ƙofar tuba. A ce shi kansa banza ne, an rufe ƙofar.

Manzo Yaƙub, cikin sura ta 3 ta wasiƙarsa, ya kwatanta harshe da linzami a bakin doki. Linzami ƙaramin ƙarfe ne, amma inda ya juya nan dukan jikin dokin ke bi. Ya kuma nuna mana abin kunya, cewa da harshe ɗaya a ke yabon Allah a kuma la'anta mutum wanda aka yi cikin kamanninsa.

Saboda haka ga abu uku da za mu iya yi cikin wannan wata. Na ɗaya, mu kira ko wane mutum da sunansa. Na biyu, in an yi ɓarna mu ambaci wanda ya yi ta, kada mu ɗora wa kabilarsa duka. Na uku, in aka faɗi sunan reni a gabanmu, ko a bakin majami'a ne, mu yi irin ta Yahuda, mu tuna wa mai-maganar cikin hankali cewa ɗan'uwa a ke zance.

Ubangiji ya tsare mana ƙofar bakinmu, ya ba mu harshen da zai gina ekklesiyarsa da ƙasarmu. Amin.