Kwamfuta Shaida Ce, Ba Alƙali Ba

A ce wani dattijo manomin albasa a Goronyo ya wayi gari bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ya ƙi ɗaguwa. Maƙwabta na cewa shafar aljanu ce, 'ya'yansa kuwa suka garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa da na'urar CT.

Rayuwarsa na rataye da yadda za a karanta hoton nan, domin shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko jijiya ta toshe, ko ta fashe jini ya zuba. Maganin narkar da gudan jini, wanda galibi akan bayar cikin awa huɗu da rabi, yakan ceci mai toshewa, amma yana iya halaka mai zubar jini.

Tun 1971 da aka fara ɗaukar irin wannan hoto a Landan da na'urar Godfrey Hounsfield, idon likita ke karanta shi. A 2018 sai hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da manhajar Viz.ai, wadda ke duba hoton ta ankarar da likita in ta hango toshewa.

To, ya kai mai karatu, in kwamfuta ta yi shiru, likita ya dogara da shirunta, dattijon ya rasu, alhakin yana wuyan wa? Wasu za su ce ai gara a bar ta kawai. Ban yarda ba. Likita yakan gaji, ita ba ta gyangyaɗi, kuma ƙin abin da zai ceci rai shi ma alhaki ne.

A ganina kwamfuta shaida ce, ba alƙali ba. Shaida yakan faɗi abin da ya gani, a saurare shi, a auna maganarsa, amma hukunci na mai shari'a ne. Na'ura ba ta da niyya, ba ta nadama, ba za ta dubi idon 'ya'yan mamaci ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, duk da nauyin mulki sai da ya yi rubuce-rubuce kan magani. Darasin da na ɗauka shi ne, jinya amana ce, amana kuwa mutum ake danƙa wa, ba ƙarfe ba.

Allah Ya ba likitocinmu ikon riƙe ta, amin.