Shin Ƙasar Noma Rayayya Ce Ko Matacciya?

Malaman hikima na dauri, irin su Ikhwanus Safa na Basra, sun kasa halittun doron duniya gida uku, wato ma'adinai da tsirrai da dabbobi, kuma bisa wannan rabo ba wanda zai yi jinkirin sanya ƙasar noma cikin sandararrun abubuwa, tun da ba ta numfashi, ba ta haihuwa, ba ta kuma girma yadda itace ke girma. Masana kimiyya ma, in suna lissafa abin da daji ko fadama suka ƙunsa, sukan jera ƙasa tare da ruwa da iska da hasken rana, hujjarsu kuwa ita ce kusan rabinta ɓarɓashin duwatsu ne, yashi da laka, sauran kuma galibi kafofi ne da ruwa da iska ke cikawa.

Wannan hukunci yana da dalili, amma bai game mas'alar ba. Duk wanda ya tuge gyaɗa ko wake ya duba saiwar, zai ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle manne da ita, waɗanda Hellriegel da Wilfarth na Jamus suka bayyana asirinsu a 1886, cewa ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani ke zaune ciki, suna ɗebo naitirojin daga iska suna ciyar da shuka. Cokali guda na ƙasa mai albarka yana ɗauke da miliyoyin irin waɗannan ƙwayoyi, ban da gara da tana masu haƙa hanyoyin da ruwa ke bi, su kuma mai da kara da kashin dabbobi taki. Har maganin tarin fuka da aka gano a Amurka a 1943 daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa ya fito.

Saboda haka abin da hankali ya fi natsuwa da shi shi ne, ƙasa misalin gari take: ganuwa da soraye ba su da rai a zatinsu, amma da jama'ar da ke ciki ake kiransa gari, ran da suka watse kuwa sai ya zama kufai. Haka gona take komawa fako idan aka ƙone karanta shekara da shekaru, aka sare gawo, aka hana ta taki da hutu, har ruwan sama ya riƙa gudu a kanta ba ya shiga.

Alƙur'ani mai girma, a Suratu Yasin da wasu surori, ya siffanta ƙasa da mutuwa da rayuwa, ya kafa hujja da ita a kan tashin ƙiyama. Malaman fiƙihu kuma sun keɓe babi na raya mataccen fili, inda Malikiyya suka hukunta cewa wanda ya raya shi ta hanyar haƙa rijiya, ko dasa itatuwa, ko huɗa, ya mallake shi, sai dai in yana kusa da gari a nemi izinin shugaba. Manoman Illela ta jihar Tahoua sun aikata wannan babi a zahiri bayan farin 1984, yayin da suka riƙa haƙa tassa, wato ƙananan ramuka, a kan fako suna zuba taki, gara ta biyo takin ta huda ƙasa, ruwa ya sami mashiga, gero ya tsira inda aka daɗe da fid da tsammani.

To, abin da sakaci ke iya kashewa, himma kuma ta raya shi da iznin Allah, bai cancanci a ɗauke shi tamkar dutse ba. Amana ce a wuyan mai gona, kuma wajibi ne ya miƙa ta ga 'ya'yansa da jama'ar da ke cikinta cikakku.