Haƙƙin tsohon kare

Ya kai mai karatu, ga wata tambaya. Kare ya shekara 10 yana gadin garkenka. Yau ya tsufa, haƙora sun fara zuba, ido ya yi hazo, ba ya jin motsin ɓarawo, balle ya kori dila. Shin akwai sauran haƙƙinsa a wuyanka?

Dubi yadda muke yi da sauran bisashe. In sa ya tsufa a kai shi kasuwa. Kaza kuwa, an ce sabo da ita ba ya hana yanka ta. Kowace dabba tana da amfanin ƙarshe, nama ko fata ko kuɗi. Kare kaɗai ne ba ka ci, ba ka saidawa. Ranar da ƙarfinsa ya ƙare, ba abin da za ka ƙara samu gare shi. To, nan ne ake gane halin mutum. Tuwon da ka ba shi lokacin da yake gadi ladan aiki ne. Wanda za ka ba shi yanzu shi ne alheri.

Wataƙila ka ce kare najasa ne. Tambayi malamai. A mazhabar Imam Malik, wadda muke bi a ƙasar nan, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya lasa sau 7. Shari'a ta yarda a ajiye shi don farauta da tsaron garke da gona. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya shiga rijiya, ya cika takalminsa da ruwa, ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Wannan kare ma ba nasa ba ne. Ina ga wanda ya tsufa a ƙofar gidanka?

Ko kuma ka ce: ƴaƴana ba su ƙoshi ba, ina ni ina kare? Gaskiyarka, mutum ne gaba. Amma abin da tsohon kare yake bukata ba ya rage rumbu. Kare yakan fara tsufa daga shekara 7 ko 8. Tunda haƙora sun yi rauni, jiƙa masa sauran tuwo ya yi laushi, ka daina ba shi ƙashi mai tauri. Gaɓoɓinsa suna ciwo, musamman da hunturu, sai ka shimfiɗa masa tsohon buhu inda iska ba ta bugawa. Da bazara ya samu inuwa da kaskon ruwa kusa, don kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake rage zafi. Cire masa kaska. Kai shi wajen likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare, wannan kariya ce ga ƴaƴanka ma. Kada ka ba shi ƙwayoyin ciwon jiki na mutane, wasunsu suna kashe kare. In ciwo ya kai inda ba magani, likitan ya san hanyar hutar da shi ba da azaba ba. Wannan ya fi a kore shi daji ya mutu da ƙishirwa.

Sannan ka hana yara jifarsa. Yaro yana kallo. In ya ga an kori wanda ya yi wa gida aiki don ƙarfinsa ya ƙare, ya koyi cewa darajar mai rai tana ga amfaninsa. Wata rana kai ma idonka zai yi hazo, haukacin fartanya ya fi ƙarfinka. Darasin da ka koya masa a kan kare, da shi zai auna ka.

Allah ya sa mu gama lafiya, amin.