GYARAN IDO DA GYARAN GASKIYA: HAKKIN DA KE KAN MAI TSOHUWAR MOTA BAYAN HAƊARI



Duk wanda ya saba bin hanyoyin da suka haɗa Birnin Kudu da Sara da Gwaram ya san cewa mota ba ita kaɗai ke da hanya ba. Ran kasuwar Sara, tun daga asuba har bayan faɗuwar rana, shanu da tumaki da awaki da jakuna suna ƙetare kwalta, wasu da makiyayi a bayansu, wasu kuwa sun ɓalle. Wannan ba sabon abu ba ne. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu na mutanen dā, wanda masana suka fara nazarinsa a shekarun 1950. Kofato ya riga taya taka wannan ƙasa.

A Amurka, wani rahoton gwamnati na shekarar 2008 ya ƙiyasta cewa motoci suna karo da manyan dabbobi sau miliyan 1 zuwa miliyan 2 a kowace shekara, mafi yawansu kuwa barewar ƙasarsu ce. A wurinmu barewa da gada sun yi ƙaranci saboda farauta da faɗaɗa gonaki, don haka abin da direba ya fi cin karo da shi cikin duhu shi ne sa, ko jaki, ko raƙumi. Barewa ba ta kai kilo 40 ba, amma sa mai ƙiba yakan haura kilo 300. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma in aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin bugun yakan ninku sau huɗu.

Mu ɗauka Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, an kuma daidaita da mai dabba. Saura mota. Tsohuwa ce, irin Fijo 504 da aka yi shekaru ana haɗawa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975, ko kuwa Golf da Sharan 'yan Kwatano da suka cika tashoshinmu. Inshorar da yawancin masu mota ke yanka, wadda aka ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a watan Janairun 2023 ga motar gida, ɓarnar da ka yi wa wani take biya. Ba ta gyara taka. Saboda haka dukan nauyin yana kan aljihun mai mota. A nan ne tambayarmu ta taso: wane gyara ne ya wajaba a kansa, kuma me ya wajaba ya faɗa wa wanda zai shiga motar ko wanda zai saye ta?

RAUNI IRI BIYU

Mota in ta bugi dabba, rauni biyu take samu. Akwai wanda ido ke gani: bonet ya lotsa, fitila ta fashe, bamba ta faɗi, gilashin gaba ya tsage, fenti ya ɓare. Akwai kuma wanda ke ɓoye. Lagireto yakan huje, ruwa ya tsiyaye, inji ya yi zafi har gasket ya ƙone. Ƙarafan da ke haɗa sitiyari da taya sukan lanƙwashe, sai ka ga mota tana ja gefe guda, taya kuma tana cinyewa ta ɓari ɗaya. Makullin bonet in ya saki, iska tana iya ɗaga bonet ɗin ya rufe wa direba ido yana tsakiyar gudu. Bel ɗin da ya riƙe mutum a haɗari ya gama aikinsa, sauya shi ake yi.

Mafi girman duka shi ne ƙashin motar. Ƙananan motoci irin su Golf ba su da shasi dabam kamar na babbar mota. Jikinsu shi ne ƙashinsu. Maƙera sun tsara ƙarafan gaba don su murƙushe a lokacin karo, su shanye bugun kafin ya isa ga mutanen da ke ciki. Wannan aiki sau ɗaya suke yin sa da kyau. In aka gasa su da wutar walda, aka ɗaura sarƙa a gindin bishiya aka ja har suka miƙe, siffarsu takan dawo, amma ƙarfinsu na dā ba ya dawowa. In aka shafe wurin aka fesa fenti, babu wanda zai gane sai ranar karo na biyu.

Raunin farko kuɗinsa kaɗan ne, kuma gyaransa yana ɗaga darajar mota a kasuwa. Rauni na biyu kuɗinsa da yawa, sau da dama sai an yi tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman kayan gyara, kuma bayan an gama babu mai gani balle ya yaba. Jarabar a bayyane take: a gyara abin da ido ke gani, a bar abin da rai ya rataya a kansa.

ABIN DA MAGABATA SUKA CE

Tambayar ta girmi mota. Tun kafin haihuwar Almasihu, Sisero, masanin Roma, a littafinsa kan wajibai da ya rubuta a shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu, ya tattauna batun mai sayar da gida mai aibi wanda shi kaɗai ya san aibin, ya kuma yanke cewa yin shiru don neman riba ba halin mutumin kirki ba ne.

Waliyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya fayyace maganar filla-filla, da misalin doki, wanda shi ne motar zamaninsa. Ya raba aibi gida biyu. In aibin a fili yake, kamar doki mai ido ɗaya, ba dole ne mai sayarwa ya yi ta nanata shi ba, muddin ya rage kuɗin gwargwadon aibin. In kuwa aibin a ɓoye yake, kuma zai jawo wa mai saye hasara ko haɗari, kamar gurgun doki da aka sayar a matsayin mai gudu, ko gida mai shirin rushewa da aka sayar a matsayin lafiyayye, to cinikin haramtacce ne, kuma wajibi ne mai sayarwa ya biya hasarar da ta biyo baya. Ya ƙara da cewa ba a ce mutum ya sa sankira ya yi shelar aibin kayansa a tsakiyar kasuwa ba, amma dole ne ya faɗa wa wanda ya zo saye, domin shi ya auna alherin kayan da aibinsa.

Littafi Mai Tsarki ya riga ya kafa wannan tushe. Littafin Firistoci, sura 19, ya hana sa abin tuntuɓe a gaban makaho. Wanda ke duban mota mai sabon fenti makaho ne game da abin da ke ƙarƙashin fentin. Maimaitawar Shari'a, sura 22, ta umarci mai gina gida ya yi wa soronsa rawani, don kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Ma'ana, hakkin rai yana kan wanda ya san wurin haɗari bai toshe shi ba, ko da ba shi ya tura ba. Katekizim na Ikilisiyar Katolika na 1992 ya lissafa zamba cikin ciniki da aikin da aka yi shi da ha'inci a cikin laifofin da doka ta bakwai ta hana, ya kuma koyar cewa abin da aka ci ta haka sai an mayar.

Maƙwabtanmu Musulmi ma haka shari'arsu ta tanada. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai a ko'ina cikin ƙasar Hausa, ya hana algus da ɓoye aibin kaya, kuma mai saye yana da ikon mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Duk dattijon da ya san cinikin shanu a karar Sara ya san wannan ƙa'ida. Abin da ya haramta a kan saniya bai halatta a kan mota ba.

KUKAN MAI MOTA

Kada mu yi saurin yanke hukunci ba mu saurari mai mota ba, gama kukansa yana da nauyi. Zai ce: "Wannan mota ita ce gonata. Da ita nake ciyar da gida, da ita nake biyan kuɗin makaranta. Ba ni na kira san nan kan hanya ba. In na faɗi gaskiya, kuɗinta zai faɗi warwas. Ni ma da na saye ta, babu wanda ya gaya mini tarihinta."

Akwai gaskiya cikin maganarsa, kuma dole a ba shi hakkinsa. Talauci ba zunubi ba ne, tsufan mota ma ba laifi ba ne. Tsohon doki sai mai shi. Babu dokar Allah da ta ce sai ya sayi sababbin kaya. Ƙarfen gwanjo mai lafiya da aka ciro daga wata mota ya wadatar. Yana da ikon barin bonet da tabonsa, ƙofa da launi dabam, kujera da faci. Duk wannan doki mai ido ɗaya ne, kowa na gani. In kuɗi bai isa a yi duka ba, tsarin a sarari yake: birki da sitiyari da taya da fitila da ƙashin mota su ne farko, fenti shi ne ƙarshe.

Amma sauran hujjojinsa ba su tsaya ba. Cewa ba shi ya jawo haɗarin ba gaskiya ne, sai dai mai saye ma ba shi ya jawo ba. Hasara ta riga ta auku a daren da aka bugi dabbar. Ɓoye ta ba ya shafe ta, ɗauke ta kawai yake yi daga kan wanda ya sani ya ɗora a kan wanda bai sani ba, ya kuma ƙara masa da haɗarin rai. Cewa shi ma an cuce shi kuwa, ai wannan shaida ce cewa ya san zafin abin fiye da kowa.

Har ta fuskar kasuwa ma ɓoyon ba ya haifar da ɗa mai ido. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya nuna a 1970 cewa in masu saye ba sa iya bambanta tsohuwar mota lafiyayya da mai ɓoyayyen ciwo, sai su riƙa taya kowace da arha, har masu motocin kirki su janye daga kasuwa. Wannan nazari yana cikin abin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2001. Mai ha'inci ɗaya yakan karya farashin masu gaskiya da yawa.

WAƊANDA HAKKIN YA RATAYA A WUYANSU

Na farko shi ne mai mota. In zai sayar, ya gaya wa mai saye abin da ya faru, da abin da aka gyara, da abin da aka bari, ya kuma rage kuɗi daidai da haka. In ba zai sayar ba, haya zai ci gaba da yi, to nauyinsa ya fi girma. Mai saye yana iya zuwa da makanikensa ya duba. Amma matar da ta shiga mota a tasha da goyo a bayanta, za ta asibitin tarayya na Birnin Kudu, ba ta yi ciniki da kowa a kan lanƙwasasshen ƙarfe ba. Ta biya kuɗin mota, ta miƙa amanar ranta da na ɗanta. A nan magana ta wuce doka ta bakwai, ta shiga ta biyar.

Na biyu shi ne makanike da mai walda da mai fenti. Su ne idon wanda ba ya gani. Sana'arsu mai daraja ce, da hikimarsu ne motocin da ƙasashen da suka ƙera su suka daɗe da yar da su suke ci gaba da hidima a ƙasarmu. Amma in mai mota ya ce, "Malam, rufe mini kawai, sayarwa zan yi," makaniken da ya rufe ya yi tarayya cikin laifin. Ya kamata ya iya cewa, "Maigida, wannan ƙarfe ba ya miƙuwa, sai dai a sauya, in ba haka ba, ba da hannuna ba." Zai yiwu ya rasa aikin ranar, amma garejin da aka san shi da gaskiya ba ya rasa jama'a.

Na uku shi ne dillali. La'ada halaliyarsa ce in ya haɗa mai kaya da mai saye bisa gaskiya. In ya san tarihin motar ya rantse cewa ba ta taɓa faɗuwa ba, ya haɗa zamba da shaidar zur.

Wanda kuwa ya riga ya sayar da irin wannan mota, lamirinsa kuma yana damunsa, ƙofa ba ta rufe ba. Nadama kaɗai ba ta isa ba muddin motar tana kan hanya da mutane a ciki. Ya nemi wanda ya saya, ya gaya masa wurin da za a duba, ya mayar da abin da ya ci fiye da hakkinsa, ko da kaɗan-kaɗan ne. Kunyar rana ɗaya ta fi sauƙin ɗauka a kan labarin da ka iya zuwa wata rana daga bakin hanya.

'Yan'uwana, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana iya tsayar da mota ta duba takardu da fitila da taya. Ba ta iya ganin abin da ke ƙarƙashin fenti. Wannan wuri mutum biyu ko uku ne suka san shi, sai Allah wanda ba a ɓoye masa kome. Bari kowane mai mota da kowane mai gyara a cikinmu ya yi wa kansa tambaya ɗaya kafin a fesa fenti: zan yarda 'ya'yana su zauna a gaban wannan mota daga Sara zuwa Kano cikin dare? In amsar a'a ce, to 'ya'yan wani ma bai kamata su zauna ba.

Allah ya kiyaye matafiya, ya sa albarka a hannun masu sana'a, ya kuma ba mu ƙarfin halin faɗin gaskiya ko da za ta rage mana riba. Amin.